Man da Aka Goge Kafin Kirsimeti

Kwamfutar ta sake mutuwa. Fanka ta yi ta ƙugi kamar injin niƙa, sai shiru. Ɗiyata ta riƙe kai. Haɗa bidiyon biki ne aikinta, amma wannan ba na biki ba ne. Waƙoƙin da yayata ta ja wa matan zumunta na cocinmu ne tun tana da ƙarfi. Yanzu tana kwance a Kagoma, ko kunu ba ya wuce mata, ta aiko wai tana so ta ji muryarta kafin Ubangiji ya kira ta.

Muka hau mashin zuwa wurin mai gyara a bayan tasha. Ya kunna, ya nuna mini lambobi huɗu. Na iya karanta lamba, a ajin manya na coci na koya. Ya ce ƙwaƙwalwar abin ɗaki huɗu ne, kowane da zafinsa. Da aka sa aikin bidiyon, uku suna tafiya tare, na huɗun ya bar su, ya yi ja.

Ya kwance bayanta, ya ɗaga ƙarfen da ke kan ƙwaƙwalwar.

"Mama, wa ya taɓa nan?"

"Tambayi wannan."

Ɗiyata ta ce sharar Kirsimeti ce. A gidanmu har gindin tukunya sai an kankare. Ta buɗe don ta hure ƙura, ta ga wani abu toka-toka ya manne, ta sa tsumma.

Mai gyaran ya ce mata, "Anti, ba datti ba ne. Mai ne, shi ke jan zafi ya kai wa fanka. Gefe ɗaya kika bar masa."

Na ce mata, "Ɗakinki ba ki taɓa sharewa haka ba."

Man nasa saura kaɗan a sirinji, ya fara bushewa. Sabo sai an aiko daga Kaduna. Na ce ba mu da lokacin Kaduna. Ya matse, abin da ya fito bai kai ƙwayar dawa ba. Ya ɗaure.

"Ban yi alkawari ba fa, Mama."

Aka sake sa aikin bidiyon. Ukun suna zaune. Na huɗun yana hawa a hankali, ina bin shi da baki. Aikin ya wuce rabi, sai wayata ta yi ƙara a bakin zani. Lambar Kagoma ce. Ban ɗauka ba. Ta tsaya, ta ɗiyata ta kama. Ta ɗauka, ta saurara, ta miƙa hannu ta rufe kwamfutar.