Katin Aurena da Tsayuwar Wata

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka sa ranar aurena. Ina koyarwa a firamare a Makarfi, gidanmu kuwa yana Ikara, inda mahaifina ke karantar da littattafan fiƙihu a zaurensa. Wadda zan aura 'yar abokin karatunsa ce, kuma mun daidaita da ita tun kafin manya su shiga maganar. Su ne suka tsayar da rana: Juma'a ta biyu bayan tsayuwar watan Rajab.

A wancan lokaci da goro ake gayyata. Goggona, ƙanwar Baba, ita ke ƙulla shi a ganye, ta bi gida-gida da ƙauye-ƙauye tana faɗa da baki. Malamai kuwa Baba ke rubuta musu wasiƙa da ajami. Ni dai na taɓa ganin katin gayyata a hannun wani abokin aikina, fari tas da zanen fure a gefe, raina ya biya. Da na kawo wa Baba maganar, bai hana ni ba, tambaya ɗaya ya yi.

"Wa zai karanta?"

Na ce, "Baba, zamani ne ya zo da shi."

Ya ce, "To, Allah Ya sa albarka."

Na shiga ofishin hedimasta na duba kalandar bango. Ta nuna za a ga wata ranar Alhamis, washegari ke nan Juma'ar farko. Na ƙirga kwana bakwai a kai, na rubuta kwanan watan Bature, na hau mota zuwa Zariya aka buga mini. Na kai wa Goggo ta haɗa da goronta, na raba saura ga abokan aiki.

Sai wata ya ƙi tsayawa ranar Alhamis. Ranar Juma'a da magariba aka gan shi. Na yi addu'ar ganin wata tare da kowa, ban kawo komai a raina ba. Sai ranar Litinin, muna fitowa daga aji, wani malami ya dafa kafaɗata ya ce, "Ango, saura kwana huɗu ke nan."

Na ce, "Sha ɗaya dai."

Ya zaro katin daga aljihu ya nuna mini. Nan take na gane kuskurena. Tunda wata ya makara, waccan Juma'ar ta faɗa cikin tsohon wata, ɗaurin aure ya matsa da mako guda. Katina kuwa yana kiran mutane su zo Juma'ar nan. Na hango baƙi sun cika ƙofar gidan surukina, babu tukunya a kan wuta, babu wanda ya san da zuwansu.

Na roƙi hedimasta kwana biyu, na hau kekena sai Ikara. Na sami Baba ya idar da la'asar, na durƙusa na faɗa masa, kaina a ƙasa. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya aika aka kira Goggo, ya ce ta lissafa mini duk inda ta kai katin. Ta lissafa da yatsu: Kurmin Kogi, Gazara, Nasarawan Doya, Kudan.

Baba ya ce, "Gobe ka bi su da kanka. Kada ka aika kowa."

Da sassafe na isa Kurmin Kogi wurin kakata ta wajen uwa. Bayan doguwar gaisuwa na fara kame-kame a kan katin. Ta ce, "Wannan farar takardar? Ga ta can." Na waiwaya, sai ga katina an maƙala shi a jikin jeren kwanukanta, kansa a ƙasa.

Na ce, "Kaka, yaushe ne ɗaurin auren?"

Ta ce, "Kai ango ba ka san ranar aurenka ba? Juma'a ta biyu bayan tsayuwar wata. Haka goggonka ta ce."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. A Gazara ma haka. Malamin da na je wurinsa ya ɗauko wasiƙar Baba daga cikin gafaka ya karanta mini ranar daidai, katin kuwa ya sa shi alama a cikin littafi. A Nasarawan Doya ba a ma san inda yara suka kai shi ba. Na kwana a Makarfi da sauran fargaba guda, domin a Kudan akwai kawun amarya, tsohon soja, kuma yana karanta boko sarai.

Ranar Laraba da hantsi na same shi a gonar rakensa. Doki na zagaya injin matse rake, ana dafa mazarƙwaila, ƙamshi ya cika wurin. Na jingine keke nesa, na tuɓe takalma, na durƙusa.

"Baba, ina kwana? Ina gajiya?"

"Lafiya lau, Ticha. Ya mutan Ikara? Ai jibi muna tafe. Na yi magana da direban wata babbar mota, na kuma sanar da dangi kaf."

Na ce, "Baba, abin da ya kawo ni ke nan. Ranar da ke jikin katin kuskure ce. Ni na yi kuskuren."

Ya tsura mini ido har na ji kamar in nutse. Ya ce matan gidansa sun yi ta musu da shi, suna cewa ba haka mai goro ta faɗa ba, shi kuwa ya ce musu abin da aka buga da inji ba ya ƙarya. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Yanzu da wane ido zan dube su? Ka ja mini, Ticha!"

Na ce, "A gafarce ni, Baba."

Ya ce, "Tashi, ba komai. Direban sai yamma zai zo mu ƙarasa magana, zan ce masa mako mai zuwa. Amma kai za ka shiga cikin gida ka faɗa musu da bakinka. Ni ba zan iya ba."

Haka na shiga na durƙusa gaban surukai mata, suka yi ta guɗa suna yi wa maigidansu tsiya ta kan katanga. Ba su bar ni na tafi ba sai da na sha fura, shi kuma ya ɗaura mini mazarƙwaila a bayan keke, ya ce in kai wa mahaifina.

A hanyar komawa na sauka gindin wata tsamiya na yi azahar, na miƙe ƙafafuna da suka yi tsami. Sai a lokacin na lura rabona da cin abincin kirki tun ranar Litinin. Na ɓalli gefen mazarƙwailar Baba na ci.

Juma'ar da ke jikin katin ta zo ta wuce, ba wanda ya zo sai abokan aikina biyu da na manta ban gaya musu ba. Goggo ta zuba musu tuwo, suka ci suka koma, suka kuma dawo mako na gaba tare da motar mutan Kudan.