Tsakuwa a Gwangwanin Kananzir

Ni na raba yayana da aikinsa. Ya yafe mini tun yana raye, amma abin bai bar raina ba.

A shekarun da siyasa ta fara zafi a Kano, ina akawu a wani kanti a Sabon Gari. Maigidana yakan bar tsofaffin jaridun Turanci a kan tebur, ni kuwa in karance su tas, har tallan magani. A ciki na ga yadda Turawa suke yi a ƙasarsu kafin zaɓe: a bi mutane ana tambayarsu wa za su zaɓa, a rubuta, a san mai nasara tun kafin ranar. Abin ya shiga kaina. Na riƙa jin duk Fagge babu wayayye kamata.

Yayana malamin elementare ne. Mutum ne mai sanyi, yana son ajinsa kamar me. Har farin alli a hannun rigarsa ba ya son a kakkaɓe masa. Da jam'iyyarmu za ta tsayar da ɗan takara, wasu suka zuga shi ya nema. Abokin karawarsa wani tela ne mai baki, wanda aka taɓa ɗaurewa saboda lacca. Sharaɗin kuwa mai nauyi ne: ma'aikaci ba ya takara sai ya ajiye aiki, kuma wanda ya ajiye don jam'iyyar adawa irin tamu, kada ma ya sa ran za a mayar da shi.

Yaya ya yi ta ɗari-ɗari. Na ce masa, "Yaya, kada ka yanke komai. Ba ni mako biyu in auno maka mutane irin yadda Turawa suke yi."

Na sayi littafi mai layi, na raba shafi biyu. Kullum na tashi daga kanti sai in hau keke in bi 'yan jam'iyya gida-gida, daga Fagge har Rijiyar Lemo da Kwaciri. In yi sallama, a shimfiɗa mini tabarma a zaure, a kawo ruwa, a gaisa. Sannan in ce, "Alhaji, tsakanin yayana da tela, wa ka fi so?"

Yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ƙanin mutum, zaune a kan tabarmarka, ya sha ruwan gidanka, ga shi ubansa ne ya koya maka alwala, ya dube ka ido da ido ya yi maka wannan tambaya. Me za ka ce? Kowa cewa yake, "Haba, ai Malam namu ne." Ni kuma in danna alƙalami. Shafin Yaya ya cika har na juya, na tela kuwa bai kai rabi ba.

Mutum ɗaya ce ta yi mini gardama, Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, mai yi wa mata kitso. Duk gidan da na tsaya a zaure, ita har ɗaka take shiga. Wata rana da la'asar ta same ni ina nuna wa Yaya littafin, ta tsaya ta gama ji.

Ta ce, "Ɗan nan, abin da ake faɗa a zaure daban, abin da ake faɗa a tsakar gida daban. Matan suna ba ni labari kansu na kan cinyata. Mazan nan suna son yayanka ya koya wa 'ya'yansu karatu. Tela suke so ya je ya yi musu faɗa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Gwaggo, mata ko ƙuri'a ba su da ita. Wannan aikin ilimi ne, ba hirar kitso ba."

Ta gyara mayafi ta wuce. Yaya ya bi ta da kallo, sannan ya dubi littafin. Rubutu ya fi yarda da shi, don shi ne sana'arsa. Washegari ya kai takardar ajiye aiki.

An yi taron fid da gwanin da hantsi, a wani fili a Sabon Gari. Aka kafa zana, aka ajiye gwangwanin kananzir biyu a bayanta, na Yaya a dama, na tela a hagu. Kowane mai katin jam'iyya aka ba shi tsakuwa ɗaya, ya shiga shi kaɗai ya jefa. Ina tsaye dab da zanar, littafina a hammata.

Da farko duk wanda ya jefa sai ka ji ƙarar ƙarfe. Can sai na hagu ya daina ƙara, tsakuwa tana faɗawa kan 'yar'uwarta. Na dama kuwa sai an daɗe kafin ya yi motsi, in ya yi kuma har lokacin gindin gwangwani kake ji. Ga mutanen da na rubuta da hannuna suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna yi mini murmushi. Yaya ma ya ji. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan hantsi ba, tun kafin a juye gwangwanayen na san na kashe masa aiki.

A hanyar gida wani dattijo da na sa a shafin farko ya riƙe hannun Yaya ya ce, "Malam, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Mu dai yaranmu ba su rasa ka ba." Bai san an riga an ba wani ajin ba.

Yaya ya ce, "Amin, Baba."

Daga baya ya kama sayar da yadi, ya yi shekaru a kai, bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Sai dai daga gidanmu zuwa rumfarsa, hanya mafi kusa ta ƙofar makarantar take bi, inda ake jiyo yara suna maimaita karatu. Kullum zagaye yake yi ta bayan masallaci. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce can ta fi inuwa. Na bi hanyar na duba, babu bishiya ko ɗaya.