Dinyar da Ta Ci Allin Kaɗi

Na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina kafin in yarda in ɗauki alƙalami. Karatuna bai wuce na allo ba, sai ɗan ajamin da babana ya koya mini, kuma takarda ba abin wasa ba ce, addu'a da ilimi ake rubutawa a kanta, ba labarin tsuntsuwa ba. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne mutumin da zan ambata ya riga mu gidan gaskiya. Na aika aka tambayi limaminmu ko wannan giba ce, ya ce in ban kama suna ba kuma ban ƙara kome ba, babu laifi. Na sake aikawa bayan Sallah, ya ce a gaya wa Iya ai an riga an ba ta amsa. To, Allah ya jiƙan wanda ya tafi, ni kuma ya tsare hannuna daga ƙari.

Daga Toranke aka kawo ni aure Balan, a shekarun da ake rufe ƙofar gari tun rana ba ta faɗi ba saboda tsoron mahara. Gidan gandu ne, wan mijina ke riƙe da shi, kowa Yaya yake ce masa. Da na je ganin gida karo na farko, gwaggona ta ba ni kiwo, kamar yadda ake yi wa kowace amarya: uwa ta mai ita, 'ya'ya a raba. Wasu akuya ake ba su, wasu kaza. Ni 'yar dinya ta ba ni, irin agwagwar dajin nan. Masu yankan ciyawa ne suka tsinto ƙwan a fadama, ta sa wa kazarta ta ƙyanƙyashe. Ta ce, “'Yar nan, ke ce mai tsoron Allah har da abin da bai kai a ji tsoro ba. In ta rayu a hannun wani, a naki ne.”

Ta kuwa rayu. Ta zama ƙatuwa, baƙa mai farin ƙirji da jan baki, da tsini a gwiwar fiffike wanda ko karen gidan ba ya so ya haɗu da shi. Nakan rage mata gashin fiffike ɗaya don kada ta bi 'yan uwanta na daji. Da safe in watsa mata dussa da tsaba, ta fita ta kafar danga zuwa kududdufin bayan gida, ta wuni tana tsinkar ɗanyar ciyawa tana caccakar laka, da yamma ta dawo da kanta. Kullum sai na duba ƙafarta da idonta da kashinta. Maƙwabciyarmu takan leƙo ta saman danga ta ce, “Uwar dinya, yau an yi wa 'yar taki wanka ko sai an ɗora ruwan zafi?”

A daminarta ta biyu, dinyoyin daji suka riƙa sauka a kududdufin, ita kuma ta canza. Tana jan ciyawa zuwa ƙarƙashin rumbu, tana tsige gashin ƙirjinta. Sai wani abu da ban taɓa gani ba: in na zauna kaɗi, takan zo ta tsaya a kaina, idonta a kan ƙoƙon alli. Allin nan dai da muke ƙona ƙashi mu daka, mu riƙa dangwala a yatsa don mazari ya yi ta juyi. Ranar nan na tashi duba tukunya, kafin in dawo ta cinye shi tas, har tana goga baki a ƙoƙon.

Washegari ta yi ƙwanta na fari. Ba shi da ɓawo. Na ɗauka na ji shi laushi a tafina kamar salka, ina hango gwaiduwar tana motsi a ciki. Hankalina ya tashi, na nuna wa mijina, shi kuma ya kai zaure.

A nan na ji abin da ban sani ba. Ashe Yaya ya riga ya yi wa jakadan da ke zuwa karɓar haraji daga Gaya alkawarin 'ya'yan dinyar, gaisuwa, don a riƙa kallon gidanmu da idon rahama. Bai tambaye ni ba, balle gwaggona. Ya shigo cikin gida, na durƙusa na juya fuska, don ban isa in dube shi ba. Da mijina yake magana, amma ni yake nufi.

“Tsuntsuwa tana ratsa gari kullum, kowa na cewa kai, kai, wannan dinya. Bakin mutane ne ya kama ta. Ka taɓa ganin tsuntsun kirki yana cin ƙonannen ƙashi? Ka gaya wa yarinyar nan a kulle ta a ɗakin harawa. Kada ido ya sake ganinta sai ta ƙyanƙyashe.”

Na ce wa mijina a hankali, “Ka ce masa ta saba da ruwa.”

Yaya ya ji. Ya ce, “A kai mata a kasko. Ko ita ma sai an haƙa mata rijiya?”

Ba rowa ya yi mata ba, wannan dole in faɗa. Surfaffen gero ya sa a riƙa ba ta, wanda mu kanmu ba kullum muke samu ba a tsakiyar damina, da jiƙaƙƙiyar dawa da ɗan kanwa, irin abin da yake ba ragonsa na layya. Ya karɓo rubutu aka zuba mata a ruwa. Aka share ɗakin fes, ba tsakuwa ba ciyawa, aka rufe da asabari. Ta yi ƙiba har tana tafiya da ƙyar. Ta sake yin ƙwai, shi ma laushi, na gaba ya fashe tun a ƙarƙashinta. In na shiga kai mata abinci sai in tarar ta ƙwaƙule gindin bango da baki.

Na yi ta tunani har abinci ya daina shiga mini. In na ba ta allin, na saɓa wa babban gida. In na hana ta, amanar gwaggo ce ke lalacewa a gabana. Rannan da hantsi maza suna gona, na ɗebi alli a tafina na miƙa mata. Yadda ta ci shi har yau yana idona, jikinta na rawa, tana haɗawa da fatar hannuna. Ban ankara ba ashe Yaya ya dawo ɗaukar wata fartanya, yana tsaye a baya. Bai yi faɗa ba. Ya ce, “To. Na gani.” Ya sa aka kwashe allin gidan kaf aka kai ɗakinsa, mai son kaɗi ta aika a ɗebo mata.

Ba a daɗe ba na shiga na sami dinyar a tsaye kamar mutum, jela a ƙasa, baki a buɗe, tana nishi tana yunƙuri ba abin da ke fitowa. Na shafa mata man shanu, na kara ta a kan turirin ruwan zafi kamar yadda ake yi wa kaza. Ba ta sauka ba. Kafin azahar wuyanta ya fara langaɓewa, Yaya ya ce a kawo wuƙa kada ta zama mushe.

Ni aka ba fiɗa. A cikinta na tarar da ƙwan da ya fashe, shi ma ba ɓawo, bayansa kuma ga wasu jere, manya da ƙanana, kitse ya lulluɓe su. Aka soya ƙirjin aka aika wa jakada. Yaya ya ci cinya a zaure yana gaya wa baƙinsa, “Mun yi iya ƙoƙarinmu, gero har surfaffe. Yarinyar ce ta ɗura mata ƙashi a ɓoye.” Mijina yana wurin. Har ya bar duniya bai taɓa kare ni ba.

Ɗaya cinyar aka ƙunsa mini in kai Toranke. Labari ya riga ni isa. Gwaggo ta buɗe ganyen ta duba, ta mayar ta rufe. Ta ce, “Da gaske kin ba ta?” Na ce na ba ta, na fara bayani. Ta ce, “Bari, 'yar nan. Wani hannun ba na kiwo ba ne, ba laifinki ba ne.” Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Maganar nan ita ta bi ni. Daga Balan har Gafasa inda dangin mijina suke, ba wadda ta sake ba ni ko 'yar tsako. Mace kuwa da kiwo take tara abin kanta. Sa'o'ina suka yi wa 'ya'yansu jere da abin da awakinsu suka haifa, ni da kaɗi kaɗai na aurar da tawa, kowa ya ga ɗakinta. In kazar wata ta yi rashin lafiya, sai a tuna ko na bi ta kusa da akurkin. Maƙwabciyar nan mai tsokana ta daina leƙowa, in ta hango ni sai ta kora awakinta ciki tana gaishe ni da fara'a.

Na haƙura da nawa. Amma bara aka kai jikata ɗaki, ta je wajen 'yar uwar babanta neman kiwo, aka ce mata, “Ku ai jininku ba ya kiwo, kakarki ma dinya ta kashe da alli.” Yarinyar da ko uwarta ba a haifa ba lokacin.

Ni kaina ban san gaskiyar ba, kuma ba zan rantse a kan abin da ban sani ba. Watakila allin ne ya ƙone mata ciki. Watakila shi jikinta ke nema, kulle da gero suka kashe ta. Don haka nake roƙon duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa, malami ne ko falke ko matar da aka karanta wa: in kun san wanda ya taɓa riƙe dinya a gida har ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, ku tambayar mini me yake ba ta lokacin da ta fara, ko yana barinta zuwa ruwa, ko ƙwan fari yakan zo ba ɓawo, ko kuma ta taɓa neman alli. Ku ba masu zuwa kasuwar Gaya saƙon, su ce a kai wa tsohuwa mai kaɗi a Balan. In ya yiwu a faɗe shi a gaban mutane, don jikata ta samu mai ba ta ko kaza ɗaya.