Sodangi da Besfarsa 'Yar Birni

Sodangi malamin allurar shanu ne a Kankia, ƙaƙƙarfan mutum mai tumbi, wanda bai taɓa yarda an fi shi sanin komai ba. Ya daɗe yana zaga rugage a kan keke, daga Rimaye har Kusada, yana gumi yana zagin hanya. Da kuɗin mai suka shigo aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, wasu suka sayi rediyo, wasu suka yi rufin kwano. Shi kuwa ya hau mota sai Kano, ya dawo da Besfa shuɗiya, ƙirar Italiya.

Abin da ya ja shi gare ta zama ne. Ba a wangale ƙafa kamar kan sauran babura. Mutum ya haɗe gwiwa, ya baza babbar riga, sai ka ce alƙali a kan kujera.

Kola, Bayaraben da ke gyaran babura a bakin tasha, ya dubi 'yan tayoyinta ya ce, "Malam, wannan 'yar birni ce fa. Kwalta ta sani."

"Waɗanda suka ƙera ta sun taɓa zuwa Kaikai?" in ji Sodangi. "To, ta ina suka san ba ta iya zuwa?"

Ran Asabar ya ɗaure akwatin allura ya nufi rugar Bube, wani dattijon makiyayi a bayan Kaikai. Ya isa lafiya, sai dai bai shiga shiru ba: ya danna ƙaho don a san ya zo. Shanun da aka sha wahalar tarawa tun da safe suka ɗaga wutsiya suka watse cikin gonakin mutane.

Bube ya dogara da sanda yana kallonsa. "Malam, allura ka zo yi ko kora?"

Sai la'asar aka gama tattaro su. Da zai tafi, matar Bube ta ba shi curin man shanu a ƙunshe cikin ganye. Ya rasa inda zai sa, ya tura shi cikin ɗan akwatin gefen Besfa. A hanyar dawowa ya yanke ta wani rafi busasshe, yashi ya riƙe ta har ciki. Ya murɗa, ta yi kuka ta ƙara nutsewa. Ya tura, takalminsa ya tsinke. Rana da zafin inji kuwa suka narkar da man, ya bi ko'ina.

Amalanken shanu ya dawo da ita gari, a kwance kan kara kamar mai jinya, Sodangi na biye da takalmi a hannu, karnuka na biye da Sodangi saboda ƙanshin man. Matarsa Rahamatu ta leƙo zaure ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Ita ma allurar za a yi mata?"

Sati guda bai ci tuwonta ba.

Daga ranar ya raba aiki. Daji na keke ne. Besfa kuwa ta ofis ce, da masallacin Juma'a, da zuwa gaisuwar mutuwa in gidan na bakin titi. Kullum da safe sai ya goge ta da tsohon rawaninsa. Bai taɓa ba kowa aronta ba, har ƙaninsa ranar ɗaurin aurensa.

Ya yi ritaya, ya buɗe ɗan shagon maganin dabbobi a kasuwa. Samari suka koma wa baburan Japan masu gudu, shi yana nan da abarsa. Da ido ya fara rauni sai ya rage wuta, ya ƙara ragewa, har ya kai wata ranar kasuwa Nagoggo mai tallar nono ta cim masa da ƙafa, ƙwarya a ka. Ta ɗan jera da shi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da hutawa, Malam," ta ce, ta wuce.