Robar Bakin Mijinyawa

Duk wanda ya san maƙwabcinmu Mijinyawa na Danchadi ya san ba ya yar da roba. Tsohon tub na taya yake yankawa siri-siri, ya ɗaure tiyon ban-ruwa a fadama, ya ɗaure buhunan albasa a bayan babur. Har ƙyauren makewayinsa roba ce ke riƙe da shi. A wurinsa, muddin roba ba ta tsinke ba, tana nan da ƙarfinta.

Haƙoransa na sama kuwa, tun yana yaro su ke riga shi shiga ɗaki. Shekarar da albasa ta yi albarka sai ya nufi asibiti a Sakkwato don a gyara masa su. Likita ta cire masa haƙora biyu, ta ɗaura waya, ta maƙala wata 'yar roba mai kama da sarƙa, wadda za ta riƙa jan sauran baya har giɓin ya rufe. Ta ce ya riƙa zuwa duk wata ana sake robar.

Ina! Kullum sai ya leƙa madubin babur, ya ga roba lafiya lau, ya wuce fadama. Aka yi dashe, aka cire albasa, giɓi na nan jiya i yau. Hankalinsa ya tashi: kar dai a banza ya rabu da lafiyayyun haƙora.

Binta matarsa ta ce, "Maigida, tunda hilin ya ƙi rufewa, ko mu shuka wake ciki?"

Da wannan haushin ya koma.

"Likita, robarki ba ta tsinke ba, amma aiki ya tsaya."

Ta zare ta, ta jera da sabuwa. Tsohuwar ta miƙe, ta yi kalar miyar kuka.

"Malam Mijinyawa, tun kwanakin farko take soma saki. Miyau da shayi mai zafi su ƙarasa ta. Tana nan dai, amma ba ta jan komi."

"Ashe zaune take, kamar ƙanena Idi a gona!"

Ranar da aka sa sabuwa, ko tuwo bai iya taunawa ba. Ya dafe kumatu yana murna, yana cewa, "Wanga ciwo shi na aiki!"

Yanzu shi ke buɗe layin asibiti duk wata. Giɓin ya kusa haɗewa. Mu ne dai muka shiga uku, don ko sauri kake yi sai ya tare ka, ya wangale baki ka duba.