Takalmin da Ka Bar Mini, Baba

Da safiyar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, ina cikin duba tayoyin bas kafin in fita aiki, wayata ta yi ƙara. Babbar 'yarka ce, wadda duk muke kira Nas. Ta ce, "Kawu Direba, Baba ya huta." Na ce mata to. Na mai da wayar aljihu, na ci gaba da bubbuga taya kamar wanda aka gaya wa za a yi ruwa. Sai da na kai tasha ta uku, wata tsohuwa ta hawo da takalmi mai sabuwar dunduniya, na gane ɗinkin hannunka, sannan maganar ta iso ni. Fasinjoji suka yi ta jira in rufe ƙofa.

Shekararka tamanin da ɗaya. Dattijo ne kai a 'yar ikilisiyarmu da ke taruwa a saman bene, bisa shagon masu sayar da katifa, kuma kai ne mai gyaran takalma a lungun da ke bayan tashar bas. Kowa Baba Mai Takalma yake ce maka, har Fasto, har matarka idan ranta ya ɓaci.

Ni ba mai yabon mutane ba ne, ka sani. Shekara ashirin da biyu ke nan ina zagaya gari ɗaya da bas a ƙasar da ba tawa ba, ban isa ko'ina ba. An binne mahaifiyata ina kan sitiyari. Bayana ya ƙage, idona ya ga halin mutane iri-iri ta madubi, kuma yawancinsa bai burge ni ba. Saboda haka idan na ce kai mutumin kirki ne, to na duba ta ko'ina ne ban sami yadda zan ce wani abu dabam ba.

Ranar da muka fara haɗuwa ko fuskata ba ka kalla ba. Na miƙa maka takalmina, ka juya shi, ka shafa tafinsa da babban yatsa, ka ce, "Wannan takalmin gida da aiki kawai ya sani. Na dama ya cinye, birki da totur. Ɗana, ba ka da inda kake zuwa gaisuwa ne?" Da Hausa ka faɗa, ba ka ma tambayi daga ina nake ba. Na ji haushi, na kuma ji kamar an zuba mini ruwan ɗumi a wuya. Ranar Lahadi sai ga ni ina hawan benen nan ina haki, ina bin bayanka.

A majami'a kai ne ƙarshen tsofaffin yayi. Ba ka taɓa shiga sujada ba kwat ba, ko da zafi zai narkar da kujera. Da matasa suka kawo jita da manyan ganguna, ba ka yi musu faɗa a fili ba. Na'urar ƙara ji da ke kunnenka kawai kake kashewa, ka rufe ido, ka yi taka waƙar a zuciya, wani lokaci har ka ce amin a inda babu amin. Masu karanta Maganar Allah a waya kuwa sun sha faɗa. Ka ce da mai jitar, "Naka Littafin caji ke ƙare masa. Ranar da Shaiɗan ya zo ba wuta fa?" Akwai Lahadin da ka zo da na'urar awon jini, ka auna kafin mawaƙan matasa su tashi, ka sake aunawa bayan sun zauna, ka kai wa Fasto lambobin biyu a rubuce, ka ce ya sa a rahoton ikilisiya.

Gaskiya kuma harshenka yana da kaifi, ba zan ɓoye ba don ka mutu. Akwai waɗanda suka bar hawan benen nan saboda kai. Wata yarinya cikin mawaƙa ka taɓa yi mata magana kan shigarta a gaban mutane, ta fita tana kuka. Washegari ka rufe shago, ka taka har gidansu, ka cire hula. Ka ce mata, "Abin da na faɗa ina nan a kansa. Inda na faɗe shi ne ban kyauta ba. Ki yafe wa tsoho." Ta dawo. Ita ce ta ja waƙa a jana'izarka, da doguwar riga har ƙasa, ta ce yau ɗaya dai za ta bar ka ka ci nasara.

Ciwon sukari da hawan jini sun same ka tare, kamar baƙin da suka haɗa baki. Likitarka kake kira "yarinyar nan", ka ce ba ta kai sa'ar autanka ba, amma ko ƙwaya ɗaya ba ka taɓa tsallakewa ba. Da wani baƙon mai wa'azi ya ce masu bangaskiya su zubar da magungunansu, ka miƙe da sandarka ka ce, "Malam, wanda ya ba ni bangaskiya shi ya ba yarinyar nan ƙwaƙwalwa. Ni zan sha nawa in ce amin." Kullum kana cewa jiki aro ne, mai shi zai duba yadda aka dawo masa da shi. Duk da haka biskit ya fi ƙarfinka. A cikin jakar Littafinka kake ɓoye shi, har ranar da Mama, matarka, ta ɗaga jakar ta ce ba ta taɓa ganin tururuwa masu son Maganar Allah irin na gidanta ba. Ka ce ai gara su da wasu 'yan ikilisiya.

Da likita ta ce sai ka riƙa tafiyar ƙafa ta minti arba'in kowace safiya, ka ce kai ba za ka yi yawo ba dalili kamar ɗan akuya ba. Sai ka mai da tafiyar addu'a. A bayan takardar magani ka rubuta tashoshi, yadda muke da su a bas. Ƙofar kantin magani ta marasa lafiya ce. Katangar makaranta ta yara da malamansu. Gaban mashaya ka ba samarin ikilisiya, ka ce a nan ne ya fi sauƙi ka tuna sunayensu. Tashar bas tawa ce, ka rubuta "direbobi da masu taurin kai". Sau da yawa nakan hango ka ta gilashi, tsaye da sanda, leɓe na motsi, in danna maka oda, ka ɗaga hannu ba ka buɗe ido ba. Daga gada hanya takan hau tudu, kuma a can kake ajiye waɗanda suka fi damun ka, wai don addu'arsu ta zo da gumi. Na sha tambayar ka wane ne a ƙolin tudun. Ka ce ba a gaya wa direba komai.

Yanzu zan faɗi abin da duk ikilisiya ta sani amma ba a faɗa a gabana. 'Ya ɗaya gare ni. Tun rasuwar mahaifiyarta mu biyu ne. Shekara huɗu da suka wuce ta koma zama da wani mutum ba aure, ta kuma haihu. Na ce mata ta manta da hanyar gidana, na goge lambarta. Na yi haka ina ganin idan akwai wanda zai ce na yi daidai, to kai ne, kai da ka fi kowa faɗa da zaman da ba aure, kai da kake cewa zamanin nan ya mai da alkawari kamar takalmin roba, a sa yau a yar gobe. Har na zo shagonka na ba ka labari ina ɗaga kafaɗa. Ka cika bakinka da ƙananan ƙusoshi, ka ci gaba da buga guduma. Ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin sa hannu, na yi shekara huɗu ina tinƙaho da shi.

Da aka kwantar da kai a asibiti na zo gaishe ka da rana, bayan na sauka daga aikin safe. Na tarar ma'aikatan jinya sun ƙwace maka basilla sau biyu, ta ukun tana cikin safarka. A kan 'yar durowar gefen gado, tsakanin kofi da magunguna, akwai takalmin yarinya ƙwaya ɗaya, ja, mai maɗauri, bai kai tsawon tafin hannuna ba. Ka gama ɗinke maɗaurin ke nan. Na ce, "Baba, har nan ma aiki?" Ka ce, "Mai shi ba ta da haƙuri. Halin kakanta ta ɗauko." Sannan ka zaro takardar tashoshin nan daga ƙarƙashin matashi, ka haɗa mini da takalmin, ka ce in kai wa mai shi, tana tasha ta ƙarshe, ƙofa mai shuɗin fenti a ƙolin tudu.

A nan na ji komai. Shekara uku da rabi, kowace Alhamis, kana ƙwanƙwasa ƙofar nan. Kana shan shayi ba sukari a hannun 'yata. Kai ka fara saya wa jikata takalmi, kai ka riƙe hannunta ta fara takawa. Kuma kowace Alhamis, kafin ka tashi, sai ka dubi mutumin nan ka ce, "To, ango, yaushe ne?" har ya fara ɓuya a banɗaki idan ya ji sandarka a matakala. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Baba, kai da bakinka ka ce abin da ta yi ba daidai ba ne." Ka ce, "Na faɗa, kuma Alhamis ta ƙarshe da na je ma na sake faɗa mata. Amma yaushe ka ji na ce ka daina zama ubanta? Kai dai ka ji rabin wa'azi ka fita." Ka yi tari, ka ƙara da cewa, "Ƙafata ta gama nata. Takalminka kuma har yanzu gida da aiki kawai ya sani."

Na sa takalmin a aljihun kwat na fita ban yi maka sallama ba. Kwana tara yana aljihuna. Kullum ina cewa gobe, in na huce, zan je in dawo in ba ka labari. A rana ta goma Nas ta kira. Wannan ita ce aika ɗaya tak da ka taɓa yi mini, Baba, ban kuwa isar da ita kana da rai ba. Ba zan yi wa kaina kwaskwarima a kan wannan ba.

A jana'iza na hango 'yata a layin baya. Ta rame kaɗan, ta ƙara kama da uwarta. Na sunkuyar da kai, na yi kamar ina neman shafi a littafin waƙa.

Alhamis da ta biyo baya na ɗauki hutu, na fito da takardarka. Na tsaya a kantin magani, na tsaya a katangar makaranta. A gaban mashaya na ga biyu daga cikin samarinka, suka ɓoye kofunansu don sabo. A tashar bas ban san abin da zan roƙa wa masu taurin kai ba, sai na wuce gaba. Tudun nan kuwa, Baba, ban san yadda ka yi da shi da shekara tamanin ba. Sau uku ina hutawa, ina zagin gwiwata, ina ɗan zagin ka kai ma.

Na ƙwanƙwasa. Wadda ta fara leƙowa ta ƙasan hannun uwarta yarinya ce mai goshina sak, ƙafa ɗaya da jan takalmi, ɗayar da safa. Uwar ta ce tun da ka tafi da ɗayan ta ƙi yarda a cire mata wannan idan Alhamis ta zo. Yarinyar ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kai ba Kaka Mai Takalma ba ne." Na ce, "A'a. Shi ya aiko ni." Na durƙusa da ƙyar, na sa mata, na ɗaure maɗaurin. Ɗinkinka ya zauna daram. Ban iya miƙewa ba, gwiwa ta ƙi, sai da 'yata ta kama hannuna. Ta ce, "Baba, shigo, shayi zai huce." Kofinka ta ba ni, kuma ba sukari, wai haka dokar kofin take.

Kafin in tashi na dubi mutumin. Yana da ladabi, ba laifi, ya kuma iya gaisuwa. Na ce, "To, yaushe ne?" Ya dafe kai ya ce shi dai ya ɗauka an huta.

Ubangiji ya karɓe ka da jinƙai, Baba. Ya yafe maka kaifin harshe, ya tuna maka da tudun nan da kowace Alhamis da ka hau shi. Ya ba ka hutu a gaban Yesu Almasihu wanda ka bauta wa da kwat da guduma, har ranar tashin matattu da ka sa zuciya a kai. Idan akwai ganguna a can, Allah ya sa su yi maka daɗi.

Mama, Ubangiji ya riƙe ki, ya cika miki ɗakin da ya yi faɗi. Nas, Auta, da sauran 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku gaji ƙafarsa. Fasto da dukan ikilisiya, sannunmu da rashi. Takardar tashoshin tana hannuna, na ƙara tasha ɗaya a ƙofar shagonsa domin gidanku. Duk wanda yake so a sa sunansa ya same ni ranar Lahadi, amma ya sani, a kan tudu yanzu akwai gurbi.