Layar da ke cikin wuyan riga

Cikin shekarun da na yi ina wanki da bugu a Sabon Birni, akwai wata Talata da har yau in na tuna ta sai gabana ya faɗi. Shekara ta biyu ce ta babban farin nan, lokacin da gulbi ya ƙafe, sai mun tona rairayi kafin mu samu ruwan cika tulu.

Mu huɗu ne a rumfar maigidanmu Baba Jaɓɓi, kowa da matsayinsa: mai ɗebo ruwa, mai saɓa, mai bugu, sai ni mai kayan manya, wato tsamiya, silikin nan na gargajiya, da leshi da duk abin da ba a bugawa a kan dutse. Mutane sun daina kawo wanki, wanda bai ci ba ina shi ina farar riga? Abin da ya riƙe mu shi ne wani Alhaji, ɗan kasuwar Burkusuma mai fatauci zuwa Nijar, wanda ke sallamarmu da gero. Da geron nan iyalina ke kwana.

Dokar farko a sana'armu ita ce, kafin rigar babban mutum ta taɓa ruwa, ka bi wuya da aljihu da yatsa, domin mutanenmu kan ɗinke laya a ciki. Rubutu ne da tawada a takarda, ruwa na taɓa shi ya tafi. Ranar nan Alhaji ya aiko da tsohuwar rigarsa ta tsamiya. Ruwa ya iso a makare, ina ta sauri kada ƙudan zuma masu neman ruwa su cika shi, na tsoma rigar ban laluba ba.

Ina ɗagowa na ga baƙi yana bin aikin wuyan. Na taɓa, na ji wani abu ya yi laushi kamar tuwo. Na kai rigar gaban maigida.

Baba Jaɓɓi ya duba, ya ce, "Mamman, mi ka aikata? Wagga laya ta. Rubutun mahaifinai na, kuma tsohon ya rasu."

Na ce, "Baba, in saka lemun tsami ko tabon ya hita?"

Ya ce, "Tabo ka ka gani? Kai za ka hwaɗa mishi da bakinka."

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Ina tsoron geron ya yanke, ina kuma tsoron abin da ban sani ba, don ana cewa layar ce ke tsare shi a hanyar daji. In wani abu ya same shi, wa za a nuna?

Ran Alhamis ya zo da kansa. Na durƙusa, na miƙa rigar, na faɗi gaskiya. Ya farke ɗinkin da farce, ya daɗe yana kallon takardar da ta zama dunƙule. 

Can ya ce, "Ina ruwan da ka jiƙa ta?"

Allah ya taimake ni, a shekarun nan ba mai zubar da ruwa, kuma tsamiya ba a fara ta da sabulu. Na ɗauko kwatarniyar da na jiƙa rigar a ciki. Ya ɗiba da tafin hannu, ya shafe fuska da ƙirji, idonsa ya ciko. Sauran ya juye a gorarsa.

Ya dubi Baba Jaɓɓi ya ce, "Za ni ci gaba da aiko kaya, don ɗiyanku. Amma hannun wanga kada shi ƙara taɓa nawa."

Haka aka mayar da ni ɗebo ruwa har damina ta dawo, ban kuma ce an zalunce ni ba.

Shi ya sa nake damun ku da laluba wuya, ku yaran yanzu masu gaggawa. Mai kawo wanki ba zai faɗa maka abin da ya ɗinke a rigarsa ba, ya ɗauka ka san aikinka. Ni na goge wa mutum rubutun ubansa na ƙarshe, kuma babu sabulun da ya iya gyara wannan.